Gwaggo Mai Kuka da Idon Hagu

A sashen koyon aikin lauya na jami'ar nan babu ɗalibin da zai ce maka bai san Gwaggo ba. Ba malama ba ce, ba ta taɓa buɗe littafin doka ba. Aikinta shi ne ta zauna a akwatin shaida ta shirga ƙarya, a tsare ta da tambaya har ƙaryar ta ƙare mata, sannan ta yi kuka. Shi ke nan aikin. Amma wallahi in ka ga yadda take yin sa, sai ka riƙe baki.

Tun tana budurwa ta shiga gidan rediyo, wai za ta riƙa karanta cigiya da gaishe-gaishe. Wata rana mai fitowa a uwa a wasan kwaikwayo ba ta zo ba, aka tura ta gaban makirfo don a toshe gurbi. Aka ce ta yi kukan uwar da ɗanta ya ɓata a kasuwa. Ta yi. Mai naɗar sauti, wani ƙato mai gemu, ya cire abin kunnensa ya fita waje yana murza fuska, wai wani abu ne ya faɗa masa a ido. Daga ranar ba ta ƙara karanta cigiya ba.

Rabin rayuwarta a kuka ta yi shi. Ta yi na uwa, ta yi na kaka, ta yi na matar da aka kama mijinta. A rediyo ai ba mai ganin fuskarka, abokan aikinta jan hanci kawai suke yi su wuce, amma ita sai hawaye ya zubo. Cewa take murya ba ta iya ƙarya, in ido a bushe yake mai saurare zai ji bushewar. Mijinta, mai gyaran agogo, in za ta fita da safe sai ya ɗago daga tebur da gilashi maƙale a ido ya ce, "A dawo lafiya. Allah Ya ba da sa'ar kuka."

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne maimaici. A lokacin a kaset ake naɗa, kuma zaren yakan cukurkuɗe a tsakiyar kuka. Sai a kira ta washegari ta sake daga inda ya lalace, a haɗa da na jiya. Ta saurari na jiyan sau ɗaya, ta rufe ido, ta ɗora daga nan: numfashin da ya sarƙe, shesshekar da ta katse kalma, duk a inda suke. Mai naɗar sautin da kansa in an juya masa bai iya nuna wurin haɗin.

Kuma da idon hagu take kukan aiki. Shi kaɗai ke zubarwa, na dama yana zaune abinsa. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai sai ranar da mai gyaran agogo ya rasu. Gida ya cika, wasu ma, Allah Ya yafe musu, sun zo ne su ji irin kukan da za ta yi. Ba su ji komai ba. Tana zaune a jikin bango ko tari ba ta yi, idon hagu a bushe ƙamas, na dama kuwa yana ta zuba har gaban rigarta ya jiƙe. 'Yarta ce ta fara lura, ita ta ba da labarin daga baya.

Da gidan rediyo ya daina wasannin, ta koma gida ta zauna tana faɗa da kaji. Ɗan wanta ne ya fito da ita. Malami ne a sashen, shi ke shirya kotun gwaji, inda ɗalibai ke sa baƙar riga su yi shari'ar wasa a gaban alƙalai na gaske, a ba su maki. Matsalarsa shaidu. In ya sa ɗalibi ya yi shaida, ko dai ya fashe da dariya, ko ya miƙa wa abokinsa amsa tun ba a tambaye shi ba. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki taimake ni da mutum ɗaya da ba za a iya saya da kallo ba." Ta ce, "Kai dai ka ce kana neman mai ƙarya ka rasa, ka tuna da 'yar'uwar ubanka." Ta bi shi. Ɗalibai suka ji yana kiran ta Gwaggo, suka ɗauka, har shugaban sashen ma haka yake kiran ta.

Ɗakin tsohon ajin karatu ne. Kafinta ya ɗaga wa alƙalai wani dogon tebur, ya yi akwatin shaida mai ƙofa da ke ƙara duk lokacin da aka buɗe. Fanka ɗaya ce, ta karkace. A kan teburin lauyoyi akwai jug na ruwa da kofi a kife. Alƙalai uku ne: wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, wata babbar lauya da ake ji da ita a gari, sai wani malami daga sashen. Bayan kowane ɗalibi ya gama, sukan faɗi ra'ayinsu a fili don sauran su ƙaru, Gwaggo kuwa tana cikin akwati tana ji.

Shari'ar wannan shekarar mai sauƙi ce. An sace janareto a wani shago da yamma, an kama direban da ke kawo kaya. Gwaggo ce maƙwabciyar da ta rantse ta gan shi ta tagarta yana ɗauka. Gaskiyar da aka ɓoye a labarin ita ce ɗanta ne ɓarawon, kuma akwai tankin ruwa da ya tare tagar, ba a hango ƙofar shagon daga can. Ƙa'idar da ɗan wanta ya ba ta ɗaya ce: kada ta karaya sai ɗalibi ya kai ta ga tankin, ya kuma tambaye ta inda ɗanta yake a lokacin. In ya kai nan, ta rushe. In bai kai ba, ko zai kwana yana tambaya ta tsaya a kan ƙaryarta.

Yawancin ɗalibai ba sa kaiwa. Cikin 'yan kaɗan da suka kai akwai wani saurayi da ake ce wa Tsawa, saboda in ya ce "Ya Mai Shari'a" har fankar sai ta ji. Yaron kirki ne, kuma ya iya. Ya taso mata gadan-gadan, ya matse ta a tankin, ya jefo tambayar ɗan. Gwaggo ta ja numfashi, ta kama bakin mayafinta, idon hagu ya kawo ruwa, ta ce, "Ɗana ne fa. Shi kaɗai gare ni." Tsohon alƙali ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Haka ake fito da gaskiya daga rami. Lauya ba ya jin tsoron hawaye."

Bayan 'yan kwanaki layi ya zo kan wata siririyar yarinya da ake kira Allura. Ba ta ɗaga murya. Tambayoyinta gajeru ne, kowace ka ji kamar ba komai, sai ka waiga ka ga an ɗinke ka ta ko'ina. Gwaggo ta sha tambaya a ɗakin nan, amma ba ta taɓa jin an rufe mata ƙofofi ɗaya bayan ɗaya haka ba tare da ta ji ƙarar rufewar ba. Ta kai ta tankin, ta tambayi ɗan. Gwaggo ta ja numfashi, ta kama bakin mayafi, ta yi kukanta. A ranta kuwa murna take yi, tana cewa yau ta ga lauya.

Sai tsohon alƙali ya cire tabarau ya ce, "Yarinya, kin san aiki, amma kotu ba wurin cin zarafin dattawa ba ce. Sa'ar kakarki ce fa." Babbar lauya ta ɗora da cewa, "Ga ruwa a gabanki, ko ki miƙa mata. Mace in ta tsaya a kotu sai ta san yadda take ɗaukar kanta. Mu ma da haka muka kawo nan." Aka zabge mata maki a ɓangaren ladabi.

Kai, abin ya tsaya wa Gwaggo a wuya. Ta kalli jug ɗin. Ranar Tsawa ma yana nan, cike, kuma ba wanda ya tuna da shi. A mota ta tare ɗan wanta da maganar, ya ce, "Gwaggo, ni shirya zama nake yi, ba ni da hannu a maki. Wataƙila ranar kin fi yin kukan ne." Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Ni? Ni zan yi kuka biyu su bambanta? Tun ba a haife ka ba ake haɗa kukana da na jiya." Ya ci gaba da tuƙi.

Daga nan ta fara kasa kunne, ta kuma tuna na baya. Ba Allura kaɗai ba ce. Namiji in ya sa ta kuka, jarumi ne. Mace in ta sa ta kuka, ba ta da tausayi. Su alƙalan ba mugaye ba ne, kuma da za ka ce musu suna bambantawa sai su rantse maka ba haka ba ne, da gaskiyarsu. Zaman ne a warwatse, wannan yau, wancan wani mako, ba wanda ke jin kukan biyu a jere. Ita kaɗai ta san kuka ɗaya ne, don daga idonta yake fita. Abin ya dame ta ƙwarai. Sana'ar da ta ci da ita ta sha, ta aurar da 'ya da ita, yau ita ce sandar da ake dukan 'ya'yan mutane.

A zagaye na biyu Allura ta zo a wata yarinyar daban. "Ki yi haƙuri, Mama." "In ba damuwa, Mama." Tana murmushin da bai kai ciki ba. Ta zo dab da tankin, Gwaggo tana cewa a zuci, taho 'yar nan, saura taki ɗaya, sai yarinyar ta kalli teburin alƙalai ta kauce. Ƙa'ida ƙa'ida ce, Gwaggo ta tsaya a kan ƙaryarta, ta fita daga akwati da busasshen ido. Tsohon alƙali ya ce, "Kin bar shaida ta tsere miki. Aikin nan yana son ƙarfin hali." Tabɗi! Gwaggo ta ji kamar ta cire takalmi ta buga a tebur.

Duk da haka yarinyar ta kai zagayen ƙarshe, don a rubutu da jawabin rufewa ba mai kama ƙafarta. Ya rage su biyu, ita da Tsawa, gurbi kuma ɗaya ne: wanda ya ci shi zai wakilci jami'ar a gasar ƙasa, kuma daga can manyan ofisoshin lauyoyi ke ɗibar masu tsayuwa a kotu.

Ana gobe za a yi, Gwaggo ta hango ta a wurin jiran mota, da jaka a kafaɗa. An hana shaida magana da ɗalibai a kan shari'a, Gwaggo kuma ba ta taɓa karya wannan ba. Ta wuce, ta dawo, ta tsaya kusa da ita kamar mai jiran mota ita ma.

"'Yar nan, gobe ki yi tambayarki yadda kika iya. Zan amsa laifin, amma ba zan yi kuka ba."

Allura ta gaishe ta tukuna, har da rusunawa. Sannan ta ce, "Shi Tsawa za ki yi masa, Gwaggo?"

"Shi ai ba ya cutar da shi."

"To ni ma ki yi min. Irin nasa. Kada ki rage ko ɗigo."

"Ke, ba ki ji abin da suka ce miki ba ne? Kukana ne ke kayar da ke."

"Ba kukanki ba ne, Gwaggo." Ta gyara jakar a kafaɗa. "Na riga na gaya wa babana, in aka sake yi min haka gobe na bar tsayuwa a kotu, in koma ofis in riƙa rubuta wa mutane yarjejeniyar haya har in tsufa. Amma in kika rage min, ko na ci ban san ko ni na ci ba. Kuma a kotun gaske wa zai rage min?"

Motar ta zo, yarinyar ta shiga. Gwaggo ta tsaya a wurin riƙe da haɓa har wata motar ta zo ta wuce ta.

Washegari da rana ɗaki ya cika har bakin taga. Tsawa aka fara kira, Allura tana can waje a baranda don kada ta ji tambayoyinsa. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Ya kai tanki, ya kai ɗa, Gwaggo ta yi kuka. Amma wannan karon tana yi tana sauraren kanta, kamar yadda take sauraren kaset a da: inda numfashi ya tsaya, inda murya ta karye a kan "kaɗai", gefen mayafin da ta kama. Tsohon alƙali ya yi rubutu yana gyaɗa kai. Aka ce ba za a faɗi ra'ayi ba sai an ji duka biyun.

Ƙofar akwati ba ta ma buɗe ba aka fita da Tsawa, aka shigo da Allura. Ba murmushi, ba ɗaure fuska.

"Tagarki tana kallon shagon?"

"Tana kallo."

"Kina son zama a wurin da yamma?"

"Kullum."

"Rana ba ta damunki a nan?"

"A'a, akwai inuwa."

"Inuwar me?"

Ikon Allah! Gwaggo ta yi makonni tana gadin tankin nan, ta san duk hanyar da ake bi a zo masa, amma ba wanda ya taɓa biyowa ta inuwa. Da bakinta ta kawo shi. Ba yadda za ta yi, ta ce, "Ta tanki." Wani ɗalibi a baya ya ce "Kai!" aka harare shi.

"Tankin yana tsakanin tagarki da ƙofar shagon?"

"Yana nan."

"Ina ɗanki yake a lokacin?"

Nan ne aikin ya yi nauyi. Duk zuciyarta tana wajen yarinyar nan, hannu ɗaya na cewa rage, ɗaya na cewa ki yi abin da ta roƙe ki. Ta rufe ido, ta nemo na ɗazu, ta ɗora a kansa. Numfashin ya tsaya inda ya tsaya. Yatsunta suka kama gefen mayafin nan dai. Idon hagu ya kawo ruwa, murya ta karye a kan kalmar nan dai. "Ɗana ne fa. Shi kaɗai gare ni." Duk wanda ke ɗakin ya ji wannan kukan ɗazu-ɗazu, bai ko huce a kunnensu ba, ga shi ya dawo ba ragi ba ƙari. A duk rayuwarta ba ta taɓa haɗa kuka mai kyau kamar wannan ba.

Idanu suka koma kan jug ɗin ruwa. Allura ba ta ko kalle shi ba. Ta tsaya da hannuwa a baya, ta jira kukan ya sauka, ta juya ta ce, "Ya Mai Shari'a, ba ni da sauran tambaya."

Tsohon alƙali ya ɗaga biro, ya kai kan takarda, ya tsaya. Ya daɗe a haka har malamin da ke gefensa ya leƙo. Ya cire tabarau, ya kalli akwatin shaida, ya kalli yarinyar, ya kalli Tsawa da aka shigo da shi.

"Na farko," in ji shi a hankali, "na rubuta masa cewa ya fito da gaskiya. Ta biyu na ɗaga hannu zan rubuta cewa ta ci zarafin dattijuwa. To ina ta neman abin da ta yi wanda shi bai yi ba, ban samu ba. Sai ma ihu da shi ya yi ita ba ta yi ba." Aka ɗan yi dariya, har Tsawa. Shi kuwa tsohon bai yi ba.

Babbar lauya ba ta sauko ba. Ta ce har yanzu tana ganin da yarinyar ta ɗan sassauta fuska, ta kuma cire mata abin da ta cire. Wannan sai a bar ta da shi. Amma da aka haɗa na mutum uku, Allura ce a sama. Tsawa ne ya fara zuwa ya taya ta murna, da muryar nan tasa, yana cewa, "Inuwa! Wallahi ni ban taɓa tunanin inuwa ba!"

Aka buga guduma, aka tashi. Ɗalibai suka yi waje da hayaniya, alƙalai suka bi ta ƙofar baya. Gwaggo ba ta motsa daga akwati ba. Kullum da an buga gudumar nan take share ido ta tambayi ɗan wanta ina ya ajiye mota, yau kuwa tana zaune.

Allura ta tuɓe baƙar rigar ta ninke a kan kujera. Sannan ta juya kofin nan, ta zuba ruwa, ta kawo da hannu biyu ta rusuna.

"Gwaggo, ga ruwa. An tashi kotu fa, ki daina."

"Na sani, 'yar nan."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta da kyau. Idon hagu ya riga ya bushe tun ɗazu. Na dama ne ke zuba, yana bin kumatu yana ɗiga a gaban riga. Ɗan wanta da ke tattara takardu ya hango, ya ajiye su a hankali, don shi ya taɓa ganin wannan sau ɗaya, a gidan mai gyaran agogo.

Gwaggo ta karɓi kofin, ta riƙe hannun yarinyar da ɗaya hannun ba ta saki ba.

"Bar shi ya zuba," ta ce. "Wannan ba na aiki ba ne."